Gidan Harsashi: Kayan da Aka Ƙera Don a Yar, Aka Ƙi Yarwa

A cikin sassan bindigar soja gidan harsashi na cikin masu araha, kuma da wuya a sami wanda ya kai shi yawan jawo cijewa. Gidan harsashi, wanda sojoji ke kira magazin, ɗan akwati ne mai sassa huɗu kacal: jikin akwatin, da sifirin da ke ciki, da ɗan faranti da ke zaune a kan sifirin yana ɗaga harsasai sama, wanda za a iya kira maɗagi, sai murfin ƙasa. A bakin akwatin akwai lanƙwasa biyu masu kama da leɓɓa, su ne ke riƙe harsashin sama har lokacin da za a tura shi cikin bindiga. Wanda bai san sha'anin ba zai ɗauka gwangwani ne kawai. Amma rabin aikin ciyar da bindiga a cikin wannan gwangwanin ake yin sa.

Maganar ta fi shafar Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta ba farar hula damar mallakar tsofaffin bindigogin soja ko kwatankwacinsu, don tarihi ko harbin gasa. Duk lokacin da wata runduna ta sauya bindiga, rumbunanta kan cika da kayan da ba ta da sauran buƙatarsu, sai a yi gwanjonsu. Da Jamus ta fara maye gurbin G3 da G36 a ƙarshen shekarun 1990, gidajen harsashin G3 na alminiyam sun malala zuwa kasuwannin Amurka har ana sayar da guda a kan 'yan daloli kaɗan. Haka aka yi da kayan ƙasashen gabashin Turai bayan ƙarewar Yaƙin Cacar Baka. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja cikin haramtattun makamai ga farar hula, don haka wannan kasuwa ba tamu ba ce. Abin da ya cancanci dubawa shi ne yadda masu sana'ar ke gano laifi a cikin kayan da suka ratsa hannaye da yawa, da kuma abin da suke yi bayan sun gano shi.

Aikin ƙiftawar ido

A bayan bututun bindiga akwai wani ƙarfe mai kai da komowa kamar sakatar ƙofa. Idan aka yi harbi, sakatar nan kan ja baya, ta fizgo kwanson da ya ƙone ta wurgar, sannan ta dawo gaba, ta shuri gindin harsashin da ke saman gida, ta tura shi kan wata 'yar gangara har ya zauna a mazauninsa a gindin bututu. A bindigar M16, wadda ke iya zagayawa sau 700 zuwa 950 a minti ɗaya, wannan kai da komowa ba ya cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci dole sifirin ya ɗaga dukkan jerin harsasan da suka rage, dole harsashin sama ya tsaya a daidai tsayin da sakata za ta same shi, dole kuma leɓɓa su sake shi a daidai wurin da hancinsa ya fuskanci mazauni. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce da abin da bai kai kaurin farce ba, bindiga ta cije.

Wannan ne ya sa rundunoni ke ɗaukar gidan harsashi da muhimmancin da kuɗinsa bai nuna ba. A gwajin ƙura da sojojin Amurka suka yi a Aberdeen a ƙarshen 2007, an harba harsasai 60,000 da bindigogin M4 guda goma, aka sami cijewa 882, kuma 239 daga ciki an ɗora alhakinsu a kan gidan harsashi. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matsalar daga abin da ba a ma ƙirga shi cikin jikin bindigar ya fito.

Lamba kafin hukunci

A karkarar jihar Ohio akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran makamai a rundunar soja kafin ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago a bayan gidansa. Masu tara tsofaffin bindigogi kan kawo masa kayansu da ƙorafi iri ɗaya: bindiga tana cijewa, a duba ta. Yawancinsu kan zo da hukuncinsu a baki. Wani ya ce sakata ta cinye, wani ya ce bututu ne, wani ma ya riga ya sayo sabon sashe mai tsada ya sa, matsalar ba ta gushe ba. Dattijon ba ya taɓa bindigar sai ya yi tambayarsa: «Ɗana, da wane gida ta cije?» Kusan kullum amsar ita ce mai bindigar bai sani ba, domin gidajensa goma duk kamarsu ɗaya, kuma a jaka ɗaya yake zuba su.

Daga nan aikin ke farawa. Sai ya ɗauko alƙalamin fenti ya rubuta lamba a murfin kowane gida, ya ba mutumin ɗan littafi, ya ce ya koma filin harbi. Duk lokacin da bindiga ta cije, ya rubuta lambar gidan, da irin harsashin, da ko a farkon gidan ne ko a ƙarshensa, da yadda ya ga harsashin ya tsaya. Bayan zuwa biyu ko uku littafin da kansa yake ba da amsa. Idan cijewar tana bin lamba bakwai duk inda ta je, har a bindigar maƙwabci, to lamba bakwai ce mai laifi. Idan kuwa kowane gida yana cijewa a wannan bindiga amma yana aiki lafiya a wata, an wanke gidajen, sai a koma kan bindigar ko harsashin.

Dabarar ba ta da wani sirri: kada a sauya abu biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya gida da harsashi da sifirin rana ɗaya, ko da matsalar ta tafi, bai san abin da ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo zai sake farawa daga tushe. Sauran binciken a kan teburi ake yin sa, bayan an tabbatar babu harsashi mai rai ko ɗaya a ɗakin, da harsasan gwaji marasa albarushi, da tabarau a ido saboda sifirin kan yi tsalle idan aka zare murfi.

Kowace cijewa da bakinta

Abu na biyu da dattijon ke koya wa masu zuwa wurinsa shi ne kada su yi gaggawar share cijewa kafin su kalle ta, domin yadda harsashi ya tsaya shi ne shaidar farko.

Idan sakata ta wuce ta saman gindin harsashi ta danne shi a tsakiyar kwanso, harsashin bai iso sama a kan lokaci ba. Ko dai sifirin ya gaji, ko datti ya riƙe maɗagi, ko kuma gidan yana zaune ƙasa da inda ya kamata saboda ramin da ƙugiya ke kama shi ya faɗaɗa. Idan hakan na faruwa a harsasai biyu ko uku na ƙarshe, zargin ya fi ƙarfi a kan sifirin, domin a nan ne ya miƙe sosai ƙarfinsa ya ragu.

Idan hancin harsashi ya sunkuya ya doki bangon gaba na gidan ko ƙasan gangara, yawanci maɗagi ne ya karkata. Wannan ciwo ne da ya daɗe yana bin gidajen M16 masu cin 30. Sojojin Amurka sun sauya maɗagin daga baƙi zuwa kore, sannan a 2009 zuwa mai ruwan ƙasa wanda aka ƙera musamman don kada ya karkata, sannan a 2016 suka fito da sabon gida mai shuɗin maɗagi wanda ke ɗaga hancin harsashi kaɗan. Launin maɗagi kaɗai yakan gaya wa mai saye zamanin da gidan ya fito.

Idan harsasai biyu masu rai suka yi cunkoso suna neman shiga mazauni ɗaya, leɓɓa sun buɗe fiye da ƙima, sun saki wanda bai kamata su saka ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cika gidan da harsasan gwaji, a bugi gindinsa da tafin hannu. Gida mai lafiya zai riƙe nasa, mai buɗaɗɗun leɓɓa kuwa zai tofar da ɗaya ko biyu. A kusurwar baya ta leɓɓan ne tsaga kan fara fitowa a gidajen alminiyam, siririya kamar gashi, sai an haska fitila ake ganinta.

Idan kuwa matsalar a harsashin farko take, a gida cikakke, sau da yawa gidan bai kama ƙugiya da kyau ba ne, saboda jerin ya cika maƙil babu sauran wurin da zai sauka ƙasa idan ya haɗu da rufaffiyar sakata. Wannan na cikin dalilan da suka sa sojojin Amurka a Biyetnam suka saba zuba 18 a gida mai cin 20, al'adar da ta koma 28 a mai cin 30.

Kafin a yanke wa kowane gida hukunci, sai an kwance shi an wanke. Kayan da suka daɗe a rumbu akan shafe su da wani giris mai kauri, irin wanda ake kira Cosmoline, don hana tsatsa, kuma bayan shekaru arba'in yakan daskare kamar ƙaro ya riƙe maɗagi. Bayan wanki, a bushe ake barin cikin gidan, domin mai yana tara ƙura ya mai da ita taɓo. Sai a duba ko wani ya taɓa mayar da sifirin a juye, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato, sannan a jera shi da sabo irinsa a ga bambancin tsayi. Abin da ya fi gajiyar da sifirin shi ne yawan matsewa da sakewa da kuma tsatsa, fiye da zama a matse wuri ɗaya, shi ya sa gidan da aka yi ta amfani da shi a sansanin horo kan fi wanda ya kwana a akwati lalacewa, ko da shekarunsu ɗaya.

Kowane gida da asalinsa

Sanin alamu bai isa ba sai an haɗa da sanin tarihi, domin wasu matsalolin ba lalacewa ba ce, rashin dacewa ce tun daga masana'anta.

James Paris Lee, haifaffen Sikotland da ya tashi a Kanada, shi ne ya yi rajistar gidan harsashi mai cirewa a Amurka a 1879, kuma daga ƙirarsa bindigar Lee-Enfield ta Birtaniya ta samo asali. Ita ce bindigar da sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka riƙa a dazuzzukan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Gidanta na cin 10, kuma ko da yake yana cirewa, ba a nufi a riƙa sauya shi a fagen fama ba. Ta sama ake zuba mata harsasai biyar-biyar, gidan yana maƙale, ana cire shi ne don wanki. Saboda haka akan daidaita kowane gida da bindigarsa, har a buga wa da yawa lambar bindigar. Wanda ya sayi gida daga gwanjo ya sa wa tasa, ya haɗa baƙi biyu ne da ba su taɓa sanin juna ba. Bugu da ƙari, gidan samfurin No. 1 Mk III daban yake da na No. 4, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya.

Harsashinta na .303 yana da zobe mai fitowa a gindi. Dole zoben na sama ya kasance a gaban zoben na ƙasa. Idan ya faɗa bayansa, sakata za ta tura na sama, shi kuma ya kama na ƙasa, su tsaya cik. Masu sabuwar shiga sukan ɗauka gidan ne ya lalace, alhali hannun da ya jera harsasan ne ya yi kuskure.

Bindigar FAL ta Beljiyam kuwa gida biyu gare ta. Beljiyam da yawancin masu sayenta sun ƙera ta da ma'aunin mita, Birtaniya da Kanada da Ostireliya kuma da ma'aunin inci. Gidan inci yana da babban ƙulli a gaba wanda ba ya shiga bindigar mita. Gidan mita yana da ɗan ƙaramin baki, yana shiga bindigar inci amma yana rawa a ciki, kuma rawar nan kan sauke harsashi ƙasa da hanyar sakata. A Yaƙin Falkland na 1982 ɓangarorin biyu duk wannan bindiga suka riƙa, Ajantina ta mita, Birtaniya ta inci. A yau gidajen biyu kan haɗu a kwali ɗaya a kan teburin ɗan gwanjo. Haka ƙaramar bindigar M1 Carbine ta Amurka: da gida mai cin 15 aka ƙera ta, da aka fito da mai cin 30 nauyinsa ya fi ƙarfin tsohuwar ƙugiya, sai da aka yi sabuwa mai ƙarin madogara. Mai tsohuwar ƙugiya da dogon gida zai yi ta fama ba tare da wani sashe ya lalace ba.

Bambanci mafi girma shi ne tsakanin AK da M16. Masu ƙera AK sun yi gidansu da ƙarfe mai kauri, na farkon ya haura giram 400 ba tare da harsashi ba, leɓɓansa kuwa ko an taka da ƙyar suke motsi. Masu ƙera M16 sun zaɓi alminiyam marar nauyi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin wancan, bisa tunanin cewa kaya ne mai araha da za a yi amfani da shi na ɗan lokaci a sauya. Kowane zaɓi da hujjarsa. Sai dai gidan alminiyam ya rayu fiye da wa'adin da aka ɗiba masa: ana mayar da shi rumbu, ana sake raba shi, ana jefar da shi kan siminti a wajen horo, shekara bayan shekara. Shi kuwa gidan AK, nasa ciwon na dacewa ne. Romaniya da Bulgeriya da Foland da Hangari da Sin da tsohuwar Yugoslabiya duk sun ƙera shi, kowa da ɗan bambancinsa, har ma na Yugoslabiya maɗaginsa kan tare sakata a buɗe bayan harsashin ƙarshe, abin da wanda bai sani ba zai ɗauka cijewa ce. Idan wani gida ya ƙi kama ƙugiya, mai gaggawa kan ɗauko magagari ya rage ƙugiyar bindigar. Dattijon Ohio ya hana wannan, kuma dalilinsa ɗaya ne: ba a sassaƙe abu mai tsada don ya dace da mai araha, domin daga ranar duk sauran gidajen da suke lafiya za su fara rawa.

Ranar da gidan ba shi da laifi

Wanda ya koyi zargin gidan harsashi yana iya wuce gona da iri, ya zama duk abin da ya faru sai ya bar jaki ya doki taiki. Tarihin M16 a Biyetnam ya isa gargaɗi. A 1967 rahotanni suka yi ta isa Amurka cewa ana samun sojoji a mace kusa da bindigoginsu da suka cije, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord. Babbar matsalar da aka gano ba ta shigar harsashi ba ce, ta fitar kwanso ce. An sauya irin albarushin da aka gwada bindigar da shi zuwa wani mai barin datti da ƙara saurin sakata, ba a lulluɓe mazaunin harsashi da kurom ba ga shi ƙasar mai laima ce, kuma an raba bindigogin ba tare da isassun kayan wanki da horo ba. Kwanso kan liƙe a mazauni, sabon harsashi ya zo ya tokare shi daga baya.

A idon wanda bai lura ba, wannan yana kama da cunkoson da buɗaɗɗun leɓɓa ke jawowa. Bambancin yana ga abin da ke gaba: idan harsasai biyu masu rai ne, a duba gida, idan ƙonannen kwanso ne a mazauni da mai rai a bayansa, gidan ya yi aikinsa daidai, laifin na ƙugiyar cire kwanso ne ko na mazauni mai datti ko na harsashin. Haka kuma sakatar da ba ta ja baya sosai ba, saboda hanyar iskar gas ta toshe, za ta wuce ta saman harsashi tamkar sifirin ne ya gaji. Littafin lambobi shi ke raba gardama, domin laifin bindiga ba ya zaɓar gida.

Guduma

Sashen da ya fi wuya a wannan sana'a shi ne na ƙarshe, kuma ba na fasaha ba ne. Sifirin ana sauya shi, maɗagi ana sauya shi, leɓɓan ƙarfe irin na Lee-Enfield gwani kan daidaita su a hankali. Amma leɓen alminiyam da ya buɗe ko ya tsage, lanƙwaso shi ƙara masa rauni yake yi. Zai yi aiki sau goma a kan teburi, ya ci amana a karo na goma sha ɗaya. Masu gyaran makamai na soja suna da ma'auni na musamman da ake zura wa tsakanin leɓɓa, idan ya wuce, gidan ya gama aiki.

Matsalar ita ce gidan da ya gama aiki kamarsa ɗaya da mai lafiya. Sojan da ya gane wani gida yana cije masa sau da yawa yakan mayar da shi rumbu ya karɓi wani, mai rumbu kuma ya ba na gaba. Dokar da Amurka ta yi a 1994, wadda ta hana ƙera wa farar hula sababbin gidaje masu cin fiye da 10 har zuwa 2004, ta bar tsofaffin a halatta, farashinsu ya tashi, sai ya zama babu mai son yar da ko da wanda ya lalace. Ta haka gurɓatattun gidaje suka yi ta zagayawa daga hannu zuwa hannu, kowane mai saye yana ɓata lokacinsa da kuɗinsa kafin ya gano abin da mai sayarwa ya riga ya sani.

Dattijon yana ajiye guduma a gefen teburinsa saboda wannan. Gidan da littafi ya tabbatar wa laifi, wanki da sabon sifirin kuma ba su gyara shi ba, sai ya cire maɗagi da murfi idan suna da amfani, ya ɗora jikin a kan maƙera ya daddage shi a gaban mai shi. Wasu kan yi ƙorafi cewa da an bar musu sun sayar sun rage asara. Amsarsa ita ce asarar ta riga ta auku tun ranar da leɓen ya tsage, abin da ya rage kawai shi ne a zaɓi wanda za ta faɗa wa. Ga mai harbin gasa, gurɓataccen gida maki ne da zai rasa ranar Asabar. Amma irin wannan gidan ne ke iya komawa hannun ɗan sanda ko soja ko mafarauci a gaban dabba mai haɗari, kuma shi ba zai sami lokacin buɗe littafi ya duba lamba ba. Kayan gwanjo ba sa zuwa da takardar tarihinsu, don haka amincin kasuwar gaba ɗaya ya rataya ne a kan ko mutumin da ya gano aibi zai yarda ya zama na ƙarshe da zai biya kuɗinsa.